Gurbin Sunanta

Talata, 15 ga Yuli, bayan La'asar

Tabarau ne ya sa na gane.

Gwaggo Hawwa mai ƙuli-ƙuli ta shigo da hantsi tana ta shi albarka, wai godiya ta zo yi. Ta kwance bakin zane ta ciro tabarau, ta ce yarinyar nan tamu ta Amurka ce ta ba ta jiya. Ko da yake in ta sa shi ƙasa gudu take yi mata, amma ai ba a raina kyauta. Ina tsaye da muciya a hannu ina dariya. Na ce halinta ke nan, hannunta a sake yake. Na shiga ba ta labari: 'yan kunne ta ba ƙanwarta Shahida, takalma ta ba 'yar maƙwabta, jakar bayanta ma tun makon jiya ta yi kyauta da ita. Ina cikin faɗi sai bakina ya tsaya.

Yarinyar nan in ba da tabarau ba, ba ta gane fuskar mutum daga bakin zaure. Wanda ya ba da idonsa kyauta, me ya rage da yake shirin kallo?

Na yar da muciyar. Ƙofar ɗakinta a rufe take. Abin da na tarar ba zan rubuta ba. Allah ya sa Mas'uda, nas ɗin da ke haya a gidan da ke jikin namu, ba ta fita aiki ba tukuna.

Tana numfashi. Likita ya ce da mun ƙara rabin awa, sai ya yi shiru. Ni ma a nan zan tsaya.

Laraba, 16 ga Yuli, hantsi, a asibiti

Mas'uda ce ta ce in riƙa rubuta abin da ta ci, da barcinta, da maganar da ta yi, don likita zai tambaya. Ta miƙo mini ragowar littafin makarantar Shahida. Karatuna firamare ne da Islamiyya, rabona da dogon rubutu tun kafin aure. Amma hannuna ya ƙi tsayawa a kan abinci da barci.

Ita ce 'yar farina. Shekararta goma sha shida. Ina yaye ta yayata Adda Haulatu ta ɗauke ta, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma a gidanmu ba a barin ɗan fari hannun uwarsa. Da mijin Adda, Alhaji Mukhtari, ya sami hanyar Amurka, da ita suka tafi. Can ta yi wayo, Adda take kira Mama. Adda ta rasu wata huɗu da suka wuce, aka rufe ta can, ko likkafaninta ban gani ba. Shi Alhaji babbar mota yake ja, sai ya kwana biyar bai kwana gida ba. Shi ya sa da aka yi hutun makaranta ya kawo mana ita, ya ce ta sha iskar gida zuwa ƙarshen Agusta.

Jiya a teburin yankar kati mutumin ya tambayi sunan mara lafiya. Ni ce a gabansa. Ya sake tambaya. Na buɗe baki ban ce komai ba. Tunda na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, haka aka tashe mu, uwa ba ta kiran ɗan fari. Ya ɗago ya ce, “Baiwar Allah, ɗiyarki ce ko tsintuwa kika yi?” Mas'uda ce ta faɗa masa daga bayana.

Tana kwance a kan gadon da ake turawa, kusa da mu. Na zaci ba ta ji.

Alhamis, 17 ga Yuli, Azahar

Kunu cokali uku. Ba ta yi magana ba. Bango take kallo.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan sallar Asuba

An sallame mu jiya. Kafin ta iso na riga ta zuwa gida na kwashe abubuwa daga ɗakinta da madafi. Gugan rijiya ma na kai gidan Mas'uda, yanzu in za mu ja ruwa sai mun aika a karɓo. Na cire sakatar ƙofarta da kaina. Na shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofar, daga waje.

Na karɓo tabaran daga Gwaggo Hawwa. Ba ta ji haushi ba, ta ce dama ya kusa kayar da ita a kwata. Na aje shi a kan akwati kusa da katifarta. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Abin da ke cin raina shi ne yabon da muka yi ta sha. Wata guda ana shigowa ana cewa Adda ta iya tarbiyya, yarinya ta tashi cikin Turawa amma ga kunya, ba ta fita, ba ta ɗaga murya, ko abinci ba ta ci a gaban mutane. Ni kuma ina jin daɗi. Ashe nutsewa take yi a gabanmu, mu muna cewa nutsuwa ce.

Lahadi, 20 ga Yuli, La'asar

Yau kasuwa, maigida bai fita wurin shanu ba. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya bar kasuwar Lahadi ba. Ya kawo rubutu daga wurin malaminsa, ya tsaya a tsakar gida ya miƙo mini kwanon, ya ce a ba waccan. Shi ma ba ya kira. Ta sha ba musu. Komai aka ba ta yanzu sai ta karɓa ba musu, wannan ma tsoro yake ba ni.

Mata sun fara zuwa sannu. Wata ta ce iska ce ta biyo ta daga ƙetare, wata ta ce canjin ruwa ne. Mun ce musu zazzaɓi ne ya taɓa kai. Mas'uda ta ja ni gefe ta ce rubutu a ci gaba da sha, amma ranar Talata za mu asibitin ƙwaƙwalwar nan na kan hanyar Sakkwato. Wanda ba a son faɗin sunansa. Na ce mutane fa? Ta ce mutane za su zo gaisuwar mutuwa ma in aka kira su, in zaɓi wadda nake so.

Tabaran na nan inda na aje shi.

Litinin, 21 ga Yuli, Magariba

Alhaji Mukhtari ya kira daga kan hanya, ana jin ƙarar mota. Kuka yake yi, namiji babba. Ya ce laifinsa ne. Ya ce a can ma tun kafin rasuwar Adda takan dawo daga makaranta ta shige ɗaki, yara suna tsokanar kallabinta da ƙamshin abincin da take kai wa, suna ce mata ta koma Afirka. Ya zaci in ta zo Afirkar za ta huta.

Ban gaya masa ba cewa a nan yaran unguwa Baturiya suke ce mata. Suna bin ta suna kwaikwayon Hausarta, don takan ce wa namiji “ta”, ta ce wa mace “ya”. Amma in ta ce “mi?” sai in ji kamar Adda ce a bayana. Har yadda take ɗaga gira. Sau da yawa in ta yi magana nakan juya baya in shiga madafi, don kada in yi kuka a gabanta. Yau nake tunanin yadda ita take ganin wannan juya bayan.

Talata, 22 ga Yuli, bayan La'asar

Mun je mun dawo. Ni da ita da Mas'uda. A mota na yi ta addu'a kada mu haɗu da wanda ya san mu, daga baya na ji kunyar addu'ar.

Likitan dattijo ne, ya yi magana da ita da Turanci su biyu kusan awa guda. Sannan ya sa aka kira ni. Ya ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma ya daɗe a jikinta, ba garinmu Illela ne ya sa mata ba. Ya ce kada a bar ta ita kaɗai, maganin kuma ya zauna a hannuna, ni zan riƙa ba ta. Har na miƙe sai ya ce in zauna.

Ya ce ta gaya masa tun da ta zo ban kira ta da suna ba ko sau ɗaya. Ke, ko waccan, ko 'yar Adda. Ta ce ranar da aka kai ta asibiti ta ji an tambaye ni sunanta har sau biyu ban sani ba.

Na ce likita, ɗiyar fari ce.

Ya ce, “Ni na sani, Hajiya. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira nawa ba. Amma ni a nan na tashi, na san abin da shirun yake nufi. Ita a kunnenta shiru shiru ne.”

Wai ban sani ba. Ni da na zaɓi sunan a zuciyata tun tana ciki, na raɗa wa Adda ta kai wa maza.

Alhamis, 24 ga Yuli, hantsi

Ta ci ɗanwake kaɗan. Ta yi barci har rana ta fito. Sau huɗu na leƙa in ga ko zanen yana motsi.

Jumma'a, 25 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Na zauna a bakin katifarta na yi mata bayani, ina kallon ƙafafuna. Na ce alkunya ce, fulako ne, ba ƙi ba ne. Abin da ya fi tsada shi ake ɓoyewa. Ta ce Mama ta taɓa gaya mata, ta ɗauka labarin mutanen da ne, kamar su tafiya Makka a ƙasa. Ta ce Mama kam a yini sai ta kira ta sau ɗari, har ta gaji da amsawa.

Sannan ta ce, “Can ba ni da Mama. Nan ba ni da suna.”

Na ce ta sha furarta kafin ta tsinke.

Wannan ce amsar da na iya ba ta. Allah ya gafarta mini.

Lahadi, 27 ga Yuli, La'asar

Tana da ƙawa a can, Sujin. Iyayenta mutanen Koriya ne, amma ita a Amurka aka haife ta. Tun ranar Talatar da abin ya faru take ta kira, sai yau ta yarda ta ɗauka. Na zauna nesa kaɗan ina tsince shinkafa. Na ga fuskar a waya, 'yar siririya, tana kuka tana faɗa da Turanci, tamu kuma tana ta cewa abu ɗaya, ina jin haƙuri take ba ta. Can sai wata tsohuwa ta leƙo ta bayan yarinyar, ta aje mata faranti ta wuce ba ta ce uffan ba.

Da suka gama, ita da kanta ta fara yi mini magana. Ta ce su biyu suke cin abinci a bayan aji, don ita ma Sujin ana toshe hanci in ta buɗe kwanonta. In ta je ƙasar iyayenta kuma sai a ce bakinta na Amurka ne. Ta ce ita ma Sujin ta taɓa irin wannan ciwon shekara biyu da suka wuce, iyayenta suka ɓoye don kada 'yan cocinsu su ji, yanzu tana ganin likita ta samu sauƙi. Tsohuwar da ta leƙo kakarta ce. Wai ba ta taɓa ce mata tana sonta ba, sai dai ta fere tuffa ta aje ta tafi. Ta dube ni ta ce, “Kamar ke da fura.” Har ta ɗan yi murmushi. Na farko ke nan.

Da ta tsaya nan da na yi barci yau.

Sai ta ce a wurinsu Sujin ba a kiran mace da sunanta, da sunan ɗanta na fari ake kiranta, uwar Sujin. Ta ce ta lura nan ma haka ake yi. Ta ce, “To mi ya sa kowa ke ce miki Innar Shahida? Ni na riga ta zuwa. Mi ya sa ba Innar ______ ba?”

Ta faɗi sunan da bakinta. Ni ga shi ko a takarda na kasa, na bar gurbi.

Talata, 29 ga Yuli, hantsi

Na gwada. Ina daka, na bari sai taɓarya ta sauka in faɗa a cikin ƙarar. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Na ji kamar na tuɓe zane a tsakiyar kasuwa.

Laraba, 30 ga Yuli, Azahar

Ba ta ci ba. Ta ce maganin yana sa bakinta bushewa. Tabaran na nan, ƙura ta fara hawa, na goge.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan La'asar



Da safe na zaga bayan gida, bai fi minti biyar ba. Na dawo katifa ba kowa. Na duba rijiya da farko. Allah na gode maka, a rufe take yadda na bar ta. Na fita ko mayafi ban ɗauka daidai ba.

An yi ruwa da asuba, unguwa duk caɓi. Ina gudu ina leƙa lunguna. Duk uwar da ɗanta ya ɓace ihun sunansa take yi. Ni ina tsaye a mararraba ina cewa ke, ke. Mata uku suka waiwayo, ba ita. Na tambayi mai shayi ko ya ga yarinya, ya ce wace yarinya, garin nan cike yake da yara, mi as sunanta? Na ce doguwa, mai baƙin hijabi. Ya ce rabin Illela ke nan.

A ƙirjina sunan yana ta bugawa kamar ganga. ______, ______. Bai fito ba. Ko a lokacin da nake zaton gawarta zan tarar, bai fito ba. Wace irin uwa ce wannan?

Hamidu ɗan kabu-kabu, abokin ƙanen maigida, shi ya tsaya ya ce in Baturiyarmu nake nema, ya gan ta wajen bakin iyaka. Ya ɗauke ni. Tana zaune a kan wani dakali kusa da masu canji, babura suna ta wucewa Konni ta Nijar suna dawowa. Ba tabarau, ban san me take gani ba. Na zauna kusa da ita.

Ta ce ba wani abu za ta yi ba, ɗakin ne ya ishe ta. Ta ce tana son wurin nan. Kowa da harshe biyu a baki, wannan ya ce naira wancan ya ce sefa, mutum ya karya kumallo a ƙasa ɗaya ya ci na rana a wata, ba wanda ya ce masa ya zaɓa. Ta ce nan kaɗai ne ba a tambayarka kai ɗan ina ne, sai dai mi ka ɗauko.

Sannan ta ce, “Da kina nemana, mi kika riƙa kira?”

Na kawar da kai ina kallon babura. Ta gyaɗa kai kamar dama ta sani.

Lahadi, 3 ga Agusta, Asuba

Na dawo da tabarmata cikin ɗakin. Ba ta hana ba.

Talata, 5 ga Agusta, Magariba

Mun koma wurin likita. Ya ce fitar da ta yi ba lallai mugun abu ba ne, mai son ganin mutane ya fi mai kallon bango. Amma kada in saki jiki, sau da yawa lokacin da ƙarfi ya fara dawowa shi ne abin tsoro. To yaushe ne ba abin tsoro ba?

Alhaji Mukhtari ya ce ranar ashirin da uku zai zo ya tafi da ita. Ya bar dogon zango, ya koma aikin cikin gari don ya riƙa kwana gida, ya kuma samo mata likita a can, wadda ta duba Sujin. Uwar Sujin ta ce ta riƙa yini a gidansu bayan makaranta. Maigida ya ce hakan ya fi. Ni ma na san ya fi.

Kwana goma sha takwas.

Alhamis, 7 ga Agusta, Azahar

Ta ci tuwo da miyar kuka, ta ce ta Mama ta fi yauƙi. Na ce ai ni na koya wa Maman taki. Ta ce ƙarya ne. Gaskiyarta, ƙarya ne.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan La'asar

Na bar ta da Mas'uda na tafi Garu wurin mahaifiyarmu, Nenne. Gero ya kai ƙugu, hanya duk ruwa. Na same ta a bayan ruga tana wanke ƙorai. Ta tambayi jikin jikarta, ta kira sunanta kai tsaye, ita kaka ba ruwanta. Ta ce a gaya wa matsoraciyar nan da ke gudun ɗan maraƙi ta warke ta zo ta koyi tatsa.

Adda ce 'yar farin Nenne. Ranar da labarin rasuwar ya zo ina wurin. Nenne ta ce, waccan ta tafi? Aka ce ta tafi. Ta ɗauki ƙwarya ta nufi wurin shanu. Mata suka yi ta yaba ƙarfin halinta, ni ma na yaba.

Na gaya mata komai yau, har abin da ban rubuta a nan ba. Na ce Nenne, yarinyar nan suna take so, ni kuma in na kira ji nake kamar na zubar da duk abin da kuka koya mini. Na zaci faɗa za ta yi. Ta daɗe tana cuɗa ƙwarya ɗaya da ta riga ta fita. Sannan ta yi magana da Fulatanci, a hankali, ba ta kalle ni ba.

Ta ce, “Shekara arba'in da huɗu na riƙe nata a bakina kamar garwashi. Yanzu kullum in na duƙa tatsa sai na faɗa. Haulatu. Haulatu. Saniya ce kaɗai ke juyowa.”

Ban taɓa jin sunan Adda a bakinta ba sai yau. Ta iya shi sarai.

Ba ta ce in kira ba, ba ta ce kada in kira ba. Ta ɗaura mini man shanu a ƙaramar kwalba ta ce a sa wa yarinya a tuwo.

Litinin, 11 ga Agusta, hantsi

Na tsaya a bakin ƙofa da kofin magani. Na ce yau ne. Na ja numfashi, harafin farko ya fito, sai na mai da shi tari. Ta ɗago ta dube ni da idanun nan da ba sa gani sosai. Ta ce, “Sannu.” Ta karɓi maganin.

Ta sani. Na ga ta sani.

Laraba, 13 ga Agusta, La'asar

Yau ba daɗi. Tun safe ba ta tashi ba, ta rufe kai da zane. Na ji tana kiran Mama a hankali. Na zauna na riƙe ƙafarta ta cikin zanen, ba ta janye ba. Ni ma Addar nake kira a cikina. Mu biyu muna kukan mutum ɗaya, kowa ta juya wa 'yar'uwarta baya.

Jumma'a, 15 ga Agusta

Ta ci. Ta yi wanka da kanta. Kwana takwas.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan Azahar

Gwaggo Hawwa ta shigo da ƙuli, ta ce ina mai kyautar da ake karɓewa? Ta fito ta gaishe ta. Gwaggo ta ce saura ta ba ta wayar, ita wannan ba ta sa jiri. Ta ce sai dai Gwaggo ta biya da ƙuli buhu guda. Suka yi ta yi. Ina madafi ina jin su, ina tsoron in motsa abin ya watse.

Talata, 19 ga Agusta, hantsi

Na shigo da ruwan wanka na gan ta zaune a bakin ƙofa tana kallon kaji. Da tabarau a fuskarta.

Na aje bokitin a hankali. Na shiga madafi na yi sujada a kan ƙasa, ko tabarma babu.

Ban san me ya sa yau ba.

Talata, bayan La'asar

Na sani yanzu.

Littafin nan a ƙarƙashin tabarmata nake aje shi, tabarmar kuwa a ɗakinta take tun ranar bakin iyaka. Na ɗauko zan rubuta abin da ta ci, sai na ga an naɗe kusurwar shafin da na fara barin gurbi. Don ta karanta ni ta sa tabaran. Ta ga komai ke nan, har maganar Nenne, har rijiya.

A bangon baya ta yi rubutu da fensir, Hausarta a karkace, ba ƙugiya ko ɗaya. Na kwafe shi nan yadda zan iya:

“Inna, na ga guraben. Guda uku. Na san nawa ne. Na so in cika da kaina amma na fasa. Ba ni zan cika ba.”

A ƙasa ta ƙara: “Furarki ta fi ta Mama. Wannan ba ƙarya ba ne.”

Da na fito tana taya Shahida tsinkar zogale. Ta ɗago ta dube ni ta cikin gilashin, sosai, yadda ba ta taɓa ba. Ni ce na sunkuyar da kai.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan sallar Asuba

Alhaji Mukhtari ya sauka Abuja, gobe zai iso. Na wanke kayanta na ninke. Na sa mata kuka da daddawa da man Nenne, na ƙulle sosai don kada su yi ƙamshi a jirgi. Ta ce in bar su su yi, ita da Sujin za su ci a gaban kowa. Maganin da takardar likita zan damƙa wa Alhaji hannu da hannu. Shahida ta mayar mata da 'yan kunnenta, ta karɓa.

Tsoron bai tafi ba. Likita ya ce ciwon nan yakan ja da baya ya dawo, kada wanda ya ce an gama. Can ba zan iya leƙawa in ga ko zane yana motsi ba. Abin da zai iya bin ta har can muryata ce kawai, a waya, in ina da abin faɗa da ita.

Tana barci yanzu, tabaran a kusa da kanta inda hannunta zai kai. Na gama komai na tafiya. Jibi da safe motar Sakkwato za ta tashi.

Ban kira ta ba tukuna.